Wasiƙar Da Sarki Hezekiya Ya Shimfiɗa A Gaban Ubangiji

A lokacin biki irin wannan mu kan ƙidaya shekaru, mu ƙidaya ɗakunan sujada da makarantu, mu tuna da waɗanda suka riga mu. Dattawanmu kuwa, in an tambaye su yadda aikin ya tsaya, amsarsu ɗaya ce, su kan ce da addu'a. Amma akwai tambayar da ke biye da wannan amsa, wadda danginmu su ke yi mana a zaure da kasuwa, wani lokaci ma zuciyarmu ta yi mana ita da tsakar dare: shin Allah yana ji? Wanda aka kora daga gidan ubansa saboda bangaskiya, ko wanda ya kwana yana roƙo a kan ɗansa, gari ya waye yaron ya mutu, ba da wasa ya ke wannan tambaya ba.

Domin wannan muka ga ya kamata mu ba da shafuffukan nan ga labarin addu'a guda ɗaya ta cikin Littafi Mai Tsarki, wadda aka san shekararta, aka san garin da aka yi ta, har aka tono shaidar abokin gaba daga cikin ƙasa. Ita ce addu'ar Hezekiya sarkin Yahuda, a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu. Labarin yana wuri uku, watau Sarakuna na Biyu sura 18 da 19, da Ishaya sura 36 da 37, da Tarihi na Biyu sura 32. Mai Littafi ya buɗe shi kusa da shi. A tuna dai, shekarun kafin Almasihu da baya da baya a ke ƙidaya su, 722 ta riga 701.

A zamanin nan babu mulkin da ya kai na Assuriya ƙarfi a wannan sashi na duniya. Ƙasarsu tana arewacin ƙasar da a ke kira Iraki yau, birninsu Nineba kuwa yana bakin kogin Taigiris, daura da garin Mosul na yanzu. Ga yadda su ke mulki. Garin da ya yi caffa, yana biyan gandu kowace shekara, sai a bar shi da sarkinsa. Garin da ya yi tawaye kuwa a ci shi da yaƙi, a kashe manyansa, a kwashe jama'a a kai su wata ƙasa mai nisa, a kawo baƙi a zaunar a gonakinsu. Haka suka yi da Samariya, babban birnin Isra'ila ta arewa, a 722. Sarkinsu Sargon ya sa an rubuta cewa ya kwashe mutum fiye da 27,000 daga can. Tsakanin Samariya da Urushalima kuwa bai wuce tafiyar kwana uku a ƙasa ba. Masu tonon tsofaffin garuruwa sun ga Urushalima ta ƙara faɗi ƙwarai a shekarun nan, da yawansu suna ganin waɗanda suka tsere daga arewa ne suka cika ta. Ashe ke nan a cikin birnin akwai tsofaffin da suka taɓa ganin aikin Assuriyawa da idonsu.

Hezekiya ya gaji gandun nan daga ubansa Ahaz. A 705 aka kashe Sargon a fagen fama, ko gawarsa ba a samu an binne ba, ɗansa Sennakerib ya hau gado. Da labari ya bazu, sai ƙananan sarakuna suka ce lokaci ya yi. Babila ta tayar, Sidon da Ashkelon suka hana gandu, mutanen Ekron suka kama sarkinsu Padi, wanda ya ƙi bin su, suka kawo shi Urushalima a ɗaure. Hezekiya na cikin manyan masu wannan shawara. Dukansu sun sa rai ga taimakon Masar, wadda a sa'an nan sarakunan Kush ke mulkinta, baƙaƙen mutane daga ƙasar da a ke kira Sudan yau. Annabi Ishaya bai yarda da dogara ga dawakin Masar ba, ya kuwa faɗi haka a fili, amma fada ba ta saurare shi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Sennakerib ya yi wajen shekara huɗu kafin ya juyo yamma, gama sai da ya fara da Babila. Hezekiya bai zauna ya naɗe hannu ba cikin shekarun nan, aikin da ya yi kuwa har yau ana ganinsa.

Ruwan Urushalima daga wani idon ruwa ya ke fitowa, mai suna Gihon, wanda ke cikin kwari a bayan ganuwa. Garin da ruwansa ke waje kuwa ba ya jure tsaro. Sai sarki ya sa aka fafe hanya ta cikin dutse a ƙarƙashin birnin, tsawonta mita 533, ruwan ya bi ta ya zuba a tafkin Siluwam. Wannan suna mun san shi, gama a Siluwam ne Ubangijinmu ya aiki makahon nan ya wanke idonsa. Ƙungiya biyu suka yi aikin, waɗansu daga wajen idon ruwa, waɗansu daga wajen tafki, suna sara da hasken fitilar mai, hanyar tana karkacewa kamar maciji, har suka gamu a tsakiya. A 1880 wani yaro ya ga rubutu da Ibrananci a jikin dutsen, kusa da bakin tafkin. Rubutun yana ba da labarin ranar gamuwa, yadda kowane sashi ya ji muryar ɗan'uwansa ta cikin dutse tun da sauran kamu uku, ya kuma ce tsawon hanyar kamu 1,200 ne. Babu sunan sarki a ciki, amma yawancin masana sun yarda aikin Hezekiya ne, wanda Sarakuna na Biyu ya ambata. An sare dutsen mai rubutu, yana gidan ajiye kayan tarihi a Istambul. Ruwan kuwa har yanzu yana gudu, baƙi su kan tattare tufafinsu su bi ta ciki.

Ya kuma gina sabuwar ganuwa domin unguwannin da suka ƙaru. Bayan 1970 aka tono wani sashi nata, kaurinta wajen mita 7, an kuwa ga ta bi ta kan harsashin gidajen mutane, daidai da abin da Ishaya ya faɗa, cewa sun rushe gidaje domin su ƙarfafa garu. An kuma tsinci hannuwan manyan tuluna fiye da 2,000 a garuruwan Yahuda, kowanne da hatimi mai cewa na sarki ne, ana kyautata zaton tanadin mai da ruwan inabi da hatsi ne domin ranar tsaro. A 2015 aka ba da labarin wani ɗan curin yumɓu da aka samu a Urushalima, bai fi kan yatsa girma ba, da hatimin Hezekiya ɗan Ahaz sarkin Yahuda a kansa.

Mun daɗe a kan wannan da gangan. Akwai masu bi da ke zaton tanadi rashin bangaskiya ne, har su ga laifin mai zuwa asibiti ko mai cika rumbu. Sarkin nan da Allah ya ji addu'arsa mai haƙa ne, mai gini ne. Amma a sura 22 Ishaya ya tsauta wa mutanen birnin ƙwarai, ya ce sun duba makamai, sun duba ganuwa, sun tara ruwa, ba su kuwa duba Wanda ya shirya al'amarin tun da daɗewa ba. Bai ce su cike ramin ba. Laifin da ya gani shi ne sun gama aikin sun ɗauka shi ke nan.

Lakish

A 701 Sennakerib ya zo. Sarkin Sidon ya gudu ya haye teku. Aka kama sarkin Ashkelon da iyalinsa aka kai Assuriya. Rundunar Masar da Kush ta tare shi a wani wuri mai suna Elteke, ba ta iya tsai da shi ba. Sa'an nan ya shiga Yahuda yana cin garuruwa ɗaya ɗaya, har ya zo Lakish, gari na biyu a ƙasar, wajen kilomita 40 kudu maso yamma da Urushalima.

Mun san abin da ya faru a Lakish kamar muna wurin, domin Sennakerib da kansa ya sa an sassaƙa shi a jikin manyan duwatsu, aka jera su kewaye da wani ɗaki a fadarsa a Nineba. Wani Baturen Ingila mai suna Layard ya tono su wajen 1850, suna babban gidan kayan tarihi na Landan. A ciki ana ganin 'yan baka da masu majajjawa sahu sahu. Ana ganin kekunan rushe garu, masu dogon gungume da bakin ƙarfe, ana tura su bisa tudun da aka tara a jikin ganuwa, mutanen gari suna jefo musu wuta daga sama, wani soja yana zuba ruwa da ludayi kada keken ya kama. Ana ganin mata da yara suna fita ta ƙofar gari da ƙunshin kayansu, da amalanken shanu. Ga waɗansu an tsire su a kan itace, ga waɗansu ana feɗe su. Sarki kuwa yana zaune a kan karaga, ana wucewa da ganima a gabansa.

Ƙasa ta gaskata dutse. Masu tono na Ingila da suka yi aiki a Lakish daga 1932 zuwa 1938 sun sami kogwanni cike da ƙasusuwan mutum wajen 1,500, masana da yawa suna ganin na wannan yaƙi ne. Waɗanda suka biyo bayansu daga 1973 suka sami tudun nan na duwatsu da Assuriyawa suka tara, da wani tudu da mutanen gari suka tara daga ciki domin su tare shi, da ɗaruruwan kawunan kibau.

Da Hezekiya ya ga haka, sai ya aika Lakish ya ce ya yi laifi, a yanka masa abin da zai biya. Aka yanka masa talanti 300 na azurfa da 30 na zinariya. Talanti ɗaya ya kai wajen kilo 30, zinariyar kaɗai ta kusa tan guda ke nan. Ya kwashe baitulmali, ya kwashe azurfar Haikali, har ya ɓamɓare zinariyar da shi da kansa ya dalaye ƙofofin Haikali da ita. Littafi bai ɓoye wannan ba, bai kuwa yaba masa ba.

Duk da haka Sennakerib ya aiko da manyan hakimansa da runduna zuwa Urushalima. Mai magana a cikinsu shi ne Rabshake. Wannan sarauta ce, kamar a ce babban mai shayar da sarki. Ya tsaya a bakin hanyar ruwa a bayan gari, mutum uku na fada suka fito wurinsa, Eliyakim sarkin gida, da Shebna magatakarda, da Yowa mai rubuta labarun fada, talakawa kuwa suna bisa ganuwa suna ji.

Mutumin nan gwanin magana ne, ya kamata mu lura da zancensa, gama mun sha jin irinsa. Ya ce Masar karyayyen kara ce, mai dogara gare ta sai ta huda masa hannu, a nan kuwa bakinsa ya zo ɗaya da na Ishaya. Ya yi ba'a, ya ce zai ba su doki 2,000 in suna da masu hawa. Sa'an nan ya taɓa inda ke ciwo. Hezekiya ya rigaya ya rushe wuraren hadaya na kan tuddai, inda kakannin mutane suka saba yanka, ya ce a yi sujada a Urushalima kaɗai. Rabshake ya ce, to, Allahn da kuka rushe bagadansa ne zai cece ku? Har ya ce Ubangiji ne ma ya aiko shi. Wanda ya bar hanyar iyayensa, ya sami hasara, dangi suka ce masa alhaki ne, ya san nauyin wannan magana.

Sai fadawan nan uku suka roƙe shi ya yi magana da Aramanci, harshen jakadu a zamanin, kamar yadda Faransanci ya ke a ofis, kada talakawa su ji. Da jin haka ya ƙara ɗaga murya da harshen Yahuda. Ya ce wa mutanen kan ganuwa kada su bari Hezekiya ya ruɗe su, su fito su yi caffa, kowa ya ci 'ya'yan itacensa ya sha ruwan rijiyarsa, har a zo a kai su wata ƙasa mai albarka kamar tasu. Ya lissafta garuruwan da aka ci, Hamat da Arfad da Sefarwayim da Samariya, ya ce ina allolinsu? Mutane suka yi shiru, ko ɗaya bai tanka ba, gama sarki ya hana a amsa.

Hezekiya ya kece tufafinsa, ya sa na makoki, ya shiga Haikali, ya aika wa Ishaya ya yi addu'a domin sauran da suka ragu. Annabin ya ce kada ya ji tsoro, Sennakerib zai ji wani labari ya koma ƙasarsa, a can kuma takobi zai ci shi. Ba da daɗewa ba labari ya zo wa Sennakerib, yana yaƙi da Libna, cewa Tirhaka na Kush ya fito. Wannan Tirhaka shi ne masu tarihi ke kira Taharka. A 701 yana saurayi, ɗan sarki ne mai jan runduna, sai a 690 ya hau gadon Masar, Littafi kuwa ya kira shi da sarautar da aka san shi da ita daga baya. Kabarinsa mai siffar dala yana Nuri, a bakin kogin Nilu, a arewacin Sudan. Sennakerib ba ya so ya fuskanci rundunar kudu alhali ga birni mai ganuwa a bayansa. Sai ya rubuta wa Hezekiya wasiƙa. A wannan karo bai ce Hezekiya na ruɗin jama'a ba, cewa ya yi kada Hezekiya ya bari Allahnsa ya ruɗe shi.

Addu'ar

Sarki ya karɓi wasiƙar daga hannun jakadu, ya karanta, bai kira majalisa ba, bai rubuta amsa ba. Ya hau zuwa Haikali ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji.

Allah ba ya bukatar a buɗe masa takarda kafin ya san abin da ke ciki. Abin da Hezekiya ya yi ya yi kama da na yaron da aka miƙa wa sammaci, ya duba ya ga sunan ubansa ne a kai, sai ya kai wa mai shi. Wasiƙar ta zagi Allah mai rai, shi kuwa ya kai ta inda aka nufa da ita.

Addu'ar gajeruwa ce, aya biyar, mai karatu a hankali zai gama ta cikin minti ɗaya. Ya fara da shaida cewa Ubangiji shi kaɗai ne Allah bisa dukan mulkoki, shi ne kuma Mahaliccin sama da ƙasa. Roƙonsa na fari kuwa, tun kafin ya ambaci ceto, shi ne Allah ya kasa kunne, ya kuma duba. Sa'an nan ya faɗi abin da ya fi ba mu mamaki. Ya ce maganar Assuriyawa gaskiya ce, sun hallaka al'ummai, sun ƙone allolinsu. Bai rage ko gari ɗaya daga lissafin Rabshake ba. Abin da ya ƙara kaɗai shi ne allolin nan itace ne da dutse, aikin hannun mutum. A ƙarshe ya roƙi ceto, ya kuma faɗi dalili, domin mulkokin duniya su san wane ne Allah.

Ku lura bai kawo aikinsa ko ɗaya ba. Bai ce ya gyara Haikali ba, bai ce ya farfashe gumaka ba, ko da ya ke ya yi su duka. A wata addu'arsa, sa'ad da ya yi ciwon ajali ya juya fuskarsa ga bango yana kuka, ya tuna wa Allah da amincinsa, Allah kuwa ya ji wannan ma, ya ƙara masa shekara 15, aka kuma ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun. Ashe Allah ba ya jiran sai an tsara magana daidai. Amma a ranar wasiƙa mutumin ya riga ya ba da zinariyar ƙofofi, Masar ta kasa, garuruwansa sun ƙone, ba shi da sauran abin nunawa. A ganinmu shi ya sa addu'ar ta fita sarai haka.

Amsa ta zo ta bakin Ishaya, farkonta kuwa shi ne Allah ya ce ya ji. A sa'an nan rundunar Assuriya tana nan a ƙasar, ko tanti ɗaya ba a cire ba. Aka ce Sennakerib ba zai shiga birnin ba, ba zai harba kibiya a ciki ba, ba zai tara masa tudu irin na Lakish ba, za a ja shi da hanci ya koma ta hanyar da ya zo. Aka kuma ba Hezekiya alama, wadda kowane manomi zai gane nauyinta: bana gyauro za su ci, baɗi ma gyauro, sai a shekara ta uku za su shuka su girbe. Shekara biyu ba shuka! Amsar addu'ar ke nan, da yunwarta a ciki.

Sarakuna na Biyu ya ce da dare mala'ikan Ubangiji ya bugi sansanin Assuriya, mutum 185,000 suka mutu, Sennakerib ya tashi ya koma Nineba. Labarin wata masifa da ta sami rundunar nan ya daɗe a bakin mutanen da ba su san Littafi ba. Hirodotus, marubucin Helenawa, wajen shekara 250 bayan haka, ya ji a Masar cewa ɓeraye ne suka shiga sansanin Sennakerib da dare suka cinye tsirkiyoyin baka da kwaruruwa. Yusufus, marubucin Yahudawa, ya ce annoba ce.

Shaidar abokin gaba

A 1830 wani Baturen Ingila, Kanar Taylor, ya sami wani tubalin yumɓu gasasshe daga kufan Nineba, mai kusurwa shida, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, cike da ƙananan rubutu. A lokacin babu mai iya karanta shi. Da aka gane rubutun bayan wajen shekara 20, sai aka ga labarin yaƙoƙin Sennakerib ne da bakinsa. An sami waɗansu irinsa, ɗaya yana Shikago a Amurka, ɗaya a Urushalima.

Ya kira Hezekiya da sunansa. Ya ce ya ci garuruwansa masu ganuwa 46 da ƙauyuka ba iyaka, ya kwashe mutum 200,150. Ya ce ya yanki ƙasarsa ya raba wa sarakunan Ashdod da Ekron da Gaza. Ya ce an biyo shi Nineba da talanti 30 na zinariya, daidai da lissafin Littafi, azurfa kuwa ya ce 800. Game da Urushalima, iyakar abin da ya iya faɗi shi ne ya kulle Hezekiya a ciki kamar tsuntsu a keji. Bai ce ya ci birnin ba.

Sarakunan Assuriya ba su rubuta hasararsu, saboda haka ba mu sa rai mu ga labarin daren nan a tubalinsa ba. Amma shirunsa yana magana. Sarkin Sidon ya rasa gadonsa, sarkin Ashkelon ya tafi a ɗaure, Hezekiya kuwa, wanda ya tsare Padi a kurkuku, ya zauna a kan karagarsa har ya mutu. Da Sennakerib ya so ya ƙawata fadarsa da wannan yaƙi, hoton gari na biyu ya sa, gama na fari bai shiga hannu ba. Waɗansu masu tarihi sun ce dukiyar da aka biya ce ta ishe shi, waɗansu sun ce tsoron rundunar Kush ne, waɗansu sun ce cuta. Ba mu ga abin faɗa da su ba, tun da Littafi da kansa ya kawo dukiyar, ya kawo labarin Tirhaka, ya kawo mutuwar dare, ya kuma nuna Wanda ke riƙe da su duka.

Sai dai ba za mu wuce Lakish da sauri ba. A cikin garuruwan nan 46 babu shakka akwai masu tsoron Allah, akwai uwayen da suka yi kuka gare shi sa'ad da kekunan ke hawa tudu. Littafi bai gaya mana sun fi mutanen Urushalima zunubi ba, mu ma ba za mu ce haka ba. Annabi Mika mutumin wannan yanki ne, garinsu Moreshet yana kusa da Lakish, a surarsa ta fari kuwa yana kiran sunayen garuruwan nan ɗaya ɗaya yana makoki, kamar mai kiran sunayen 'yan'uwansa. Allah ya sa an ajiye kukan nan a cikin Littafinsa tare da labarin ceton. Tarihin bishara a ƙasashenmu ma haka ya ke. Samari uku suka sauka Ikko a watan Disamba 1893 da nufin shiga ƙasar Sudan, iyaye da ekklesiyoyi suna musu addu'a. Kafin 1894 ta ƙare Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent ya mutu a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, sai a 1924 aikin ya kai Damagaram. Waɗanda suka yi roƙo domin ran Gowans da Kent ba a ba su abin da suka roƙa ba, ba mu kuwa da ikon cewa ba a ji su ba.

Ƙarshen Sennakerib bai zo da wuri ba. Ya yi shekara 20 yana mulki bayan wannan, ya rushe Babila a 689, ya ƙawata Nineba da lambuna da hanyoyin ruwa, amma bai sake zuwa Yahuda ba. A 681 'ya'yansa suka kashe shi, Littafi ya ce a ɗakin gunkinsa ne, rubuce-rubucen Babila ma sun shaida ɗansa ne ya kashe shi. Hezekiya bai ga wannan rana ba, ya riga ya mutu. Yahuda ta ci gaba da biyan gandu a zamanin ɗansa Manassa. A 612 Babilawa da Mediyawa suka ƙone Nineba, ƙasa ta rufe fadar da hotunan Lakish har zuwan Layard.

Jikokin waɗanda aka ceta kuwa suka juya labarin. Suka ɗauka birnin da Haikali ke ciki ba shi ciwuwa, ko me mazaunansa suka aikata. Wajen shekara 100 bayan Hezekiya, a farkon sarautar Yehoyakim, annabi Irmiya ya tsaya a farfajiyar Haikali ya ce in ba su tuba ba gidan nan zai zama kufai. Firistoci da annabawa suka kama shi, suka ce sai ya mutu. Hakimai suka zauna a bakin ƙofa domin shari'a. Sai waɗansu dattawan ƙasar suka miƙe suka tuna wa jama'a cewa a zamanin Hezekiya, Mika mutumin Moreshet ya faɗi abin da ya fi wannan zafi, ya ce za a nome Sihiyona kamar gona. Suka ce Hezekiya bai kashe shi ba, sai ya ji tsoron Ubangiji ya roƙi alherinsa, Ubangiji kuwa ya janye masifar. Labarin yana Irmiya sura 26. A sura ɗin kuma an ba da labarin wani annabi, Uriya ɗan Shemaiya, wanda ya yi irin wa'azin Irmiya, ya gudu Masar, sarki ya sa aka kamo shi aka kashe. Irmiya kuwa, Ahikam ɗan Shafan ya tsaya masa, ba a ba da shi ga masu neman ransa ba, ya ci gaba da wa'azi a birnin har Babilawa suka ci shi a 586.